Tiyata ta Biyu a Ƙasusuwan Tsakiyar Kunne: Nisan Gida a Matsayin Ma'aunin Haɗari ga Majinyatan Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Tsakure

Maƙalar nan ta tattauna sake yin tiyata a ƙananan ƙasusuwa uku na tsakiyar kunne, bayan tiyatar farko ta kasa dawo da ji, ko ta dawo da shi na ɗan lokaci ya sake gushewa. Ma'aunan da likitocin kunne ke dogaro da su wajen hasashen nasarar wannan aiki suna auna halin da kunne yake ciki, amma sun ɗauka majinyaci zai komo duk ranar da aka ce ya komo. Maƙalar ta kafa hujjar cewa ga mutanen Gusau da Tsafe da Bunguɗu, nisan gida da asibiti ya cancanci a lissafa shi cikin haɗarin tiyata kamar yadda ake lissafa mugunya da tabo, kuma wannan lissafi yana sauya tsarin tiyatar farko da zaɓen wanda za a sake buɗe wa kunne.

Gabatarwa



Daga maƙera da bargar doki aka aro sunayen ƙasusuwan tsakiyar kunne. Masana ƙirar jikin ɗan Adam na ƙarni na 16 a Italiya sun ga na farko ya yi kama da guduma, na biyu da uwar maƙera, na uku da likkafa, sai suka raɗa musu waɗannan sunaye, kuma da su zan riƙa kiransu: guduma, maƙera, likkafa. Likkafa ita ce ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin mutum, tsawonta milimita uku ne da ɗan ɗori, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Aikin ukun shi ne ƙetarar da sauti daga iska zuwa ruwa. Katantanwar da ke can ƙuryar kunne, inda jijiyar ji ta kafu, cike take da ruwa, kuma duk wanda ya taɓa nutso a gulbi ya san maganar na bakin gaɓa ba ta isa gare shi sai sama-sama, domin fuskar ruwa na mayar da mafi yawan sautin. Dodon kunne ya fi tafin likkafa faɗi kusan sau 17, ga ɗan ƙarin ƙarfin da haɗin guduma da maƙera ke bayarwa, kamar yadda doguwar ƙota ke ƙara wa fartanya ƙarfi. Idan aka haɗa biyun, matsin sauti yana ninkuwa sama da sau 20 kafin ya isa ruwan. In kuwa sarƙar ta tsinke a bayan dodon da bai huje ba, mutum na iya rasa har desibel 60, wato kwatankwacin ƙarfin hirar mutum biyu da ke zaune a tabarma ɗaya.

Gyaran wannan sarƙa ba sabon abu ba ne. A shekarun 1950 ne Horst Wullstein da Fritz Zöllner suka aza harsashinsa a Jamus, a 1957 kuma Hall da Rytzner suka ba da rahoton ciro ƙashin majinyaci da kansa a sake dasa shi a wani mazauni. Bayan nan aka gwada roba iri-iri, aka koma ga wani tangaran mai sinadari irin na ƙashi wanda Jan Grote ya shigo da shi a Holan a farkon shekarun 1980, sannan ƙarfen titaniyom ya bayyana a Jamus a 1993, ya zama abin yayi har yau. Kowane sabon kaya da alƙawarinsa ya zo, amma shekara kusan 70 ke nan ana sauya kaya, tiyata ta biyu ba ta kau ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu yi zargin cewa matsalar ba a jikin ƙashin aro take ba.

Abin da ke kayar da tiyatar farko

A wajen likitocin kunne, nasara tana da ma'auni sananne. Ana auna jin majinyaci ta hanyar iska, a sake auna shi ta ƙashin bayan kunne, wanda ke kai sauti katantanwa kai tsaye ba tare da bi ta tsakiyar kunne ba. Tazarar da ke tsakanin awon biyu ita ce asarar da sarƙar ta jawo. In tiyata ta rage tazarar zuwa desibel 20 ko ƙasa da haka, an ci nasara. Tambayar ita ce, yaushe aka auna? Matthew Yung na asibitin Ipswich a Ingila ya bibiyi majinyatansa shekaru, ya buga sakamakon a 2006: bayan wata shida kusan kashi biyu cikin uku na kunnuwan sun cika ma'aunin, amma bayan shekara biyar rabi ne kawai suka rage a kai. Wannan a ƙasar da majinyaci ke da katin asibiti, da mota, da likitan unguwa. Ashe ji bayan wannan tiyata abu ne da ke zaizayewa a hankali, kuma rahoton da aka rubuta a wata na uku ko na shida yabon ɗan kuturu ne, ba a yin sa sai ya shekara da yatsu.

Idan aka sake buɗe irin wannan kunne, abin da ake tararwa ya kasu gida uku, kuma bambancinsu shi ne ginshiƙin duk abin da zan faɗa. Na farko, matsalar kaya: ƙashin aro ya zame daga kan likkafa ya kwanta a gefe, ko ya yi gajarta tun farko, ko ya huda dodon ya fito waje. Na biyu, matsalar gida: tsakiyar kunnen ba ta samun iska, saboda bututun da ya haɗa ta da bayan hanci ba ya buɗewa yadda ya kamata, sai dodon ya lotsa ciki ya manne da bango, tabo ya cike gurbin. Na uku, cuta ce da ba ta ƙare ba, mugunya mai dawowa ko kuma kolestitoma, wato jakar fata da ke kutsawa tsakiyar kunne tana tara saɓa tana girma tana cin ƙashi, har ta kai ga jijiyar fuska ko rufin ƙwaƙwalwa. Kolestitoma ba daji ba ce, amma tana kisa, ta hanyar sanƙarau ko ƙurji a ƙwaƙwalwa.

A ƙarƙashin madubin tiyata, gida na farko da na biyu ba su yi kama ba ko kaɗan. A kunnen da kaya ne kawai ya zame, da zarar an ɗaga dodon sai a ga fili: shimfiɗar ciki siririya tana sheƙi, ɗan ƙarfen yana kwance kamar tsintsiyar da ta faɗi a ɗaki shararre, in aka taɓa likkafa da tsinken aiki ta motsa. Gyaransa na ɗan lokaci ne, a ɗauko shi, a auna tsawo da kyau, a shimfiɗa ɓallin guringuntsi tsakaninsa da dodon don kada ya sake hudowa. A kunnen da tabo ya cinye kuwa babu fili. Dodon ya yi kauri ya manne, alamomin da likita ke bi don gane inda yake sun shafe, jijiyar ɗanɗano da ke ratsa wurin ta nutse cikin tabo, wani lokaci ƙashin da ke rufe jijiyar fuska ya riga ya cinye, jijiyar na nan tsirara a ƙarƙashin naman da ake ƙoƙarin ɓarewa. Kowane ja da aka yi kusa da likkafa yana iya girgiza katantanwa, kuma asarar jin da ta fito daga katantanwa ba ta da tiyata. Ko an samu an share wurin an dasa sabon ƙarfe, abin da ya haifar da tabon farko yana nan, zai haifar da na biyu.

Likitoci sun daɗe da gane haka, shi ya sa suka ƙirƙiro ma'aunan hasashe. Na Jack Kartush na 1994 yana ba da maki a kan yawan zubar ruwa, da hujin dodo, da kolestitoma, da abin da ya rage na ƙasusuwa, da tsiron nama, da tiyatar da ta gabata, daga baya aka ƙara shan taba. Na Dornhoffer da Gardner na 2001 ya nuna cewa tabon shimfiɗar ciki, da rashin guduma, da zubar ruwa, da kasancewar aikin na biyu ne, su ke kayar da sakamako. A duka biyun, sake tiyata ita kanta makin haɗari ce. Kuma a duka biyun ba a tambayi irin ƙarfen da aka dasa ba.

Majinyacin da ma'aunan ba su san da shi ba

Akwai abin da waɗannan ma'aunai ba su tambaya ba saboda a inda aka gina su ba ya buƙatar tambaya: shin majinyacin zai dawo? Bayan wannan tiyata ana son ganinsa cikin makonnin farko a cire abin da aka cusa a ramin kunne, a tsotse datti, a kashe tsiron nama tun yana ƙarami. Ana son awon ji bayan wata biyu ko uku, a maimaita a shekara. In akwai kolestitoma, bibiya ta shekaru ce, domin tana iya dawowa bayan shekara biyar ba tare da ciwo ba. Kowace ziyara ƙaramin aiki ce na mintoci, amma rashinta ne ke mayar da kunne mai gyaruwa zuwa kunnen da tabo ya cinye.

To mu ɗora wannan jadawali a kan taswirar Zamfara. Jihar da aka cire daga Sakkwato ranar 1 ga Oktoba 1996 tana da ƙananan hukumomi 14, kuma manyan asibitocinta, Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, duk a Gusau suke. Cibiyoyin koyar da tiyatar kunne da ke kewaye da mu su ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, sama da kilomita 200 daga Gusau ta hanyar da ta bi ta Bunguɗu, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Malam Aminu Kano, da kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1999, waɗanda duk sai an bi ta Tsafe da Funtuwa ake isa gare su. Babu wanda ya san yankin da yake buƙatar a gaya masa haɗarin bin hanyar Kucheri da Magazu da Wanzamai a shekarun nan, ko dalilin da ya sa direba ke duban rana kafin ya tashi daga tasha. A watan Satumbar 2021 an katse layukan waya a jihar baki ɗaya, aka rufe kasuwannin mako. Duk majinyacin da ranar komowarsa ta faɗo cikin waɗannan makonni, ba a iya kiransa, shi ma ba ya iya kira, kuma kasuwar da zai sayar da akuya ya samu kuɗin mota a rufe take.

Cutar da ke kawo mu ga wannan tiyata kuwa ta talaka ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2004 a kan kunne mai zubar mugunya ya ƙiyasta masu fama da shi tsakanin miliyan 65 da miliyan 330, kashi 60 cikin 100 nasu da raunin ji, da mutuwar mutum kimanin 28,000 a shekara, ya kuma sa Nijeriya cikin ƙasashen da cutar ta yi yawa, tsakanin kashi 2 zuwa 4 cikin 100. Tana farawa ne tun yarinta, bayan mura ko ƙyanda, a ɗakin da hayaƙin itace ke cika, a jikin da tamowa ta raunana. A gidajenmu ba a cika ɗaukar ruwan kunne ciwo ba. Akan share shi da tsinken ashana ko gashin kaza, a ɗiga man ja ko ruwan ganye, ko a sayo maganin ɗigawa a kemis, wanda wani lokaci yana ɗauke da jentamaisin mai iya cutar da katantanwa in dodo a huje yake. Shekara goma ana haka, doguwar ƙafar maƙera, wadda dama jini bai cika isarta ba, ta narke. Wanda ya iso ɗakin tiyata daga Nahuce ko 'Yandoto, ya iso ne da makin haɗari mai yawa tun kafin a taɓa shi, sannan zai koma gidan da ya haifar da cutar: wanka a Gulbin Sakkwato da damina, ƙura da mura da hunturu.

Saboda haka ra'ayina shi ne, a cikin takardar tantance majinyaci, kusa da layin zubar ruwa da layin halin ƙasusuwa, a buɗe layin komowa: tafiyar awa nawa ce, wa zai biya kuɗin mota, akwai wanda ya iya duba kunne a kusa da shi, ya zo ziyarorin da aka sa masa kafin tiyata ko bai zo ba. Tambaya ta ƙarshe ta fi sauran amfani, domin ba zato ba ce. Watannin da ake ɗauka ana busar da kunne kafin aiki gwaji ne na ko bibiya za ta yiwu.

Yadda lissafin ke sauya shawara

Abu na farko da wannan layi ke sauyawa shi ne tiyatar farko. A cibiyoyin Turai da Amurka, in aka samu kolestitoma, an saba barin katangar bayan ramin kunne a tsaye, a cire cutar, a ce wa majinyaci ya dawo bayan wata tara ko shekara a sake buɗewa, a duba ko ta bar iri, a lokacin ne kuma za a dasa ƙashin aro. Tiyata ta biyu a wannan tsari ba gazawa ba ce, da gangan aka shirya ta. Tsari ne mai kyau ga wanda zai dawo. Amma nazarin da Tomlin da abokan aikinsa suka buga a 2013, wanda ya tattara bincike da dama, ya nuna dawowar cutar ta kusa ninki uku in an bar katangar, idan aka kwatanta da rushe ta. Barin katanga bashi ne da aka ci da sunan majinyaci, za a biya a tiyata ta biyu. In ba ta yiwu ba, an sallame shi da cuta a bayan dodon da ya warke sumul, inda ba mai ganinta. Ga mutumin da layin komowarsa ya yi rauni, ya fi dacewa a rushe katangar, a cire cutar a fili, a gyara sarƙar a zama ɗaya, da maƙerarsa in ba ta kamu ba, ko da guringuntsin kunnensa. Sassaƙa maƙerar majinyaci na cin mintoci a ƙarƙashin madubi, ana riƙe ta da ɗan hantsaki ana fafe mata gurbin da zai hau kan likkafa, amma ba a saye ta da dala ba, jiki kuma ba ya tofar da ita.

Abu na biyu shi ne zaɓen wanda za a sake buɗe wa kunne. Kunnen da cuta ke ci, musamman kolestitoma, ba a yi masa lissafin nisa don a hana shi aiki. Wannan tiyatar ceton rai ce, ji ribar ƙafa ne, kuma nisan gida dalili ne na gaggautawa. Kunnen da ya bushe, yake da iska, ji ya dawo bayan tiyatar farko sannan ya faɗi farat ɗaya, wataƙila bayan faɗuwa daga babur ko mari, shi ne ya fi kowa cancanta, domin alamu na nuna kaya ne ya zame, gidan lafiya lau. Kunnen da ya bushe amma ya lotsa, tabo ya cike shi, ji bai taɓa dawowa ba tun farko, a ganina bai kamata a sake yanka shi don neman ji ba, sai da dalili mai ƙarfi.

A nan ne kuma ya kamata mu tuna da ɗaya kunnen. Smyth da Patterson na Belfast sun nuna a 1985 cewa majinyaci ba ya jin amfanin tiyata sai kunnen da aka yi wa aiki ya kai desibel 30, ko ya matso cikin desibel 15 na ɗan'uwansa. Ana iya rufe tazara a takarda, likita ya rubuta nasara, mai kunne ya koma gida yana ci gaba da juya lafiyayyen kunnensa ga mai magana kamar da. Manomin da ɗaya kunnensa garau yake, bai kamata a sa shi ya sayar da buhunan waken suya don wannan ba. Ɗaliba mai rauni a kunnuwa biyu, wadda ake ce wa ba ta da kai alhali ba ta jin malami ne, lissafinta dabam ne.

Sukar da za a iya yi

Za a ce rushe katanga ma yana da nasa bashin. Gaskiya ne. Yana barin kogo a bayan ramin kunne wanda ba ya share kansa, sai an tsotse shi sau ɗaya ko biyu a shekara, ba ya son ruwa, kuma a jimlace jin da ake samu bai kai na wanda aka bar wa katanga ba. Ban ce hanyar ta 'yantar da majinyaci daga asibiti ba. Abin da na ce shi ne, ta sauya irin asibitin da yake buƙata. Duba na biyu yana buƙatar ɗakin tiyata, da madubi, da injin fafe ƙashi, da likitan sa barci, da ƙwararren da babu irinsa da yawa: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya kan ji na 2021 ya ce kashi 78 cikin 100 na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su da likitan kunne ko ɗaya ga mutum miliyan guda. Share kogo kuwa yana buƙatar fitilar goshi, da injin tsotso, da ma'aikacin jinya da aka koya wa aikin, abin da babban asibitin Tsafe ko na Bunguɗu zai iya ɗauka. Akwai kuma dabarar cike kogon da garin ƙashi ko guringuntsi a zama ɗaya, wadda ke rage girmansa. Batun ruwa shi ma yana da mafita a cikin al'adarmu: audugar da aka shafa wa man basilin lokacin wanka, da bayanin da malami zai yi cewa shari'a ta san uzurin mai rauni a alwala da wankan tsarki. Majinyacin da ba a yi wa wannan bayani ba, zai zaɓi tsarkinsa a kan umarnin likita, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Za a ce fasaha ta wuce wannan muhawara, tunda akwai nau'in hoton MRI da ke gano kolestitoma mai girman milimita biyu zuwa uku ba tare da yanka ba, ga kuma tiyata da siririn madubi ta ramin kunne. Dukansu ci gaba ne na gaske. Sai dai hoton ba ya rage tafiya, yana sauya abin da za a je yi ne kawai, kuma yana buƙatar injin da ke aiki a ranar, da mai karanta hoton da ya saba da kunne, da kuɗin da sau da yawa daga aljihu yake fita. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, duk abin da ake shigowa da shi, daga titaniyom zuwa kayan gyaran inji, ya ƙara nisa da talaka.

Suka mafi nauyi ita ce ta adalci: ashe za mu tsara wa ɗan birni tiyata ɗaya, ɗan ƙauye wata? Ba na raina wannan tambaya. Amma likita ya riga yana sauya shawara saboda ciwon suga ko taba ko shekaru, kuma ba wanda ya kira hakan wariya, domin manufar ita ce sakamako mafi kyau ga wannan mutum a halin da yake ciki. Wariya ita ce a yi wa mutum rabin aiki, a rubuta masa ranar da an san ba zai iya cikawa ba, in ya dawo bayan shekara huɗu da karkatacciyar fuska a rubuta a fayil cewa shi ne ya ƙi zuwa. Ban da haka, nisa ya bambanta da tabo ta fuska ɗaya: ana iya rage shi. Makin komowa ba tambari ne a goshin majinyaci ba, yana sauka duk ranar da aka samu mai duba kunne a garinsu.

Wasu za su ce a bar tiyata ta biyu gaba ɗaya, a raba na'urar ƙara ji. Ga kunnen da ya bushe tabo ya cinye shi, wannan ita ce shawarata ni ma, kuma irinsu sun fi kowa morar na'urar, tunda katantanwarsu lafiya take, ƙarfi kawai sauti ke nema. Amma na'ura ba ta zama a kunne mai ruwa, toshe ramin na tayar da mugunya, batirinta na ƙarewa cikin mako ɗaya ko biyu, ƙurar hunturu na toshe ta, kuma ba ta cire kolestitoma. Ita ma tana da nata layin komowa. Wasu kuma za su kawo shawarar gangamin tiyata kyauta irin wanda aka saba yi wa yanar ido. Bambancin shi ne, sakamakon aikin yanar ido galibi a kwanakin farko yake bayyana, na ƙasusuwan kunne kuwa sai an shekara. Ƙungiyar BRINOS, wadda ke gangamin tiyatar kunne a Nepal tun ƙarshen shekarun 1980, ta haɗa gangaminta da horar da mataimakan lafiyar kunne da ke zaune cikin al'umma a yankin Nepalgunj, su ke zaɓo majinyata, su ke bin su bayan baƙi sun tafi. Gangamin da bai bar irin waɗannan mutane a baya ba, yana tara wa wani likita tiyata ta biyu ne.

Waɗannan ma'aikata na kusa da gida suna da wani aikin tun kafin a tura kowa. Annobar sanƙarau da ta ɓarke a Zamfara a ƙarshen 2016 ta ci gaba cikin 2017, kuma sanƙarau na barin kurumta irin ta katantanwa, wadda babu gyaran ƙashin da ke taɓa ta. Ƙaramin injin awon ji, ko ma ƙarfen gwaji mai baki biyu a hannun wanda ya iya, zai bambance wannan da tsinkewar sarƙa a Tsafe ko Bunguɗu, kafin iyali su kama hanyar Kaduna da begen da ba shi da tushe.

Akwai kuma abin da ba ya cin ko sisi. Majinyacin da aka yi wa aikin farko a wani gari yakan iso wurin likita na biyu da tabon bayan kunne kawai, ba takarda. Likitan ba ya sanin me aka tarar, me aka dasa, an bar katanga ko an rushe, jijiyar fuska a rufe take ko a buɗe, ji ya taɓa dawowa ko bai taɓa ba, alhali a kan wannan tambaya ta ƙarshe rabe-raben da na kawo ya dogara. Shafi ɗaya ya isa ya ɗauki duk wannan, tare da awon ji na kafin aiki da na bayansa, a ba majinyaci kwafi a hannunsa, a ɗauki hotonsa a wayar wani ɗan gidansu. Ranar komowa a rubuta ta da Hausa, da boko da ajami, a kuma duba kalandar gona kafin a sa ta. Mutumin Kwatarkwashi da aka ce ya dawo a tsakiyar Yuli, ana cikin noman farko, ba zai zo ba, amma in aka tsara aikinsa bayan kaka, ziyarorin makonnin farko za su faɗo lokacin da hatsi ke rumbu, kuɗin mota ke hannu, gulbi kuma ya janye.